Layi Uku a Gindin Kwalba

Ingila ba ta yi kama da littattafan da na karanta ba. Ni ɗan unguwar Magajiya ne, a garinmu da a lokacin ake kira Abuja, tun kafin a ɗauke sunan a kai wa sabon birni mu koma Suleja. Na tashi da karatun ƙananan littattafan soyayya da 'yan Onitsha ke shimfiɗawa a bakin kasuwa, masu jan bango da hoton mace ta dafe ƙirji. A cikinsu duk saurayin da ya ƙetare teku, yana sauka ake tarbarsa, ya dawo da kwat da digiri, budurwarsa ta suma don murna. Ni da na sauka ruwa ake yi, ba wanda ya dube ni, kuma mai tasi ya zagaya da mu unguwa ɗaya har sau uku kafin abokin tafiyata Bawa ya lura cewa shagon mai sayar da kifin nan mun riga mun wuce shi.

Bawa ne ya lura. Ni ina can ina kallon fitilun titi ina tsara yadda zan kwatanta su a wasiƙa.

Tare muka yi makaranta da Bawa tun daga firamare. Ubana magatakardan kotu ne, mai keke da agogon hannu. Bawa ɗan wani ƙauye ne a bayan Dutsen Zuma, ubansa manomin doya, uwarsa maginiyar tukwane. Ranar kasuwa takan shigo gari da tukwane a kafaɗa, mu 'yan birni mu riƙa zungurar juna muna cewa ga uwar Bawa nan. Shi kuwa sai ya tafi kai tsaye ya karɓar mata. Da gwamnatin jiharmu ta tashi tura ɗalibai biyu karatun haɗa sinadarai, a farkon shekarun saba'in, sai ga sunana, ga nasa a saman nawa. Na gaya wa kaina ai tsarin baƙaƙe ne, B tana gaban I. Na daɗe ina riƙe da wannan hujjar.

Zangonmu na farko wani birni ne a tsakiyar ƙasar, mai hayaƙin masana'antu. Matar da ta ba mu haya ta nuna mana ɗaki mai murhu a ƙasa, muka yarda. Da muka dawo da akwatunanmu sai ta kai mu can ƙarƙashin rufi, inda ba ka iya miƙewa tsaye sai a tsakiya, ta ce wancan an riga an kama shi. Na zauna a bakin gado na yi ta ƙunci. Bawa ya tattaro tsofaffin jaridu ya toshe kafofin taga, ya dafa mana shayi, ya gano alƙibla. Bayan wata biyu matar nan ta fara ajiye masa miya a bakin matakala. Shi kaɗai take kiran sunansa daidai. Ni kullum Isak nake a bakinta, ba Isiyaku ba.

Ɗakin gwajin da aka kai mu na wani farfesa ne dogo mai furfura, wanda a tsakaninmu muke kira Tsoho. Ranar farko ya ɗauki alli ya yi mana bayanin aikinsa. Ya ce ƙwayar cutar bairos ba ta da wata sana'a sai kwafar kanta, kuma tana yin haka ne da wasu ƙananan tubala da take ɗiba a jikin mutum. Sunan tubalin nukiliyosaid. Kowane ɗaya kashi biyu ne, zoben sukari da wani kai da aka ɗora masa. Aikinmu shi ne mu ƙera tubalin bogi, mu ɗan sauya zoben ko kan, ta yadda cutar za ta ɗauka na gaske ne ta sa shi a gininta, ginin ya tsaya cik. Wahalar ita ce jikin mutum ma da irin tubalan nan yake gini, don haka ana son wanda zai yaudari cutar ya ƙyale mai ita. Cutar da Tsoho ya sa a gaba wata ce mai cin ido har ta makantar.

Yana magana ina hango kaina. Na ga makafin ƙofar masallacin Juma'a sun jefar da sanduna, na ga Safiya a cikin taro tana share hawaye da bakin gyale. Safiya ita ce yarinyar da na bari a gida, 'yar maƙwabtanmu, wadda nake rubuta wa wasiƙa mai shafi shida duk mako. Da na dawo hayyacina, Bawa ya cika shafi biyu da abin da Tsoho ya faɗa.

Aikin ba irin na mafarki ba ne. Babban abokin gabarsa ruwa ne. Ɗigo ɗaya a cikin kwalba ya isa ya lalata haɗin mako guda. Dole a wanke gilashi, a gasa shi a tanda, a bar shi ya huce a rufe. Ni ina ganin wanke-wanke bai dace da ɗan magatakarda ba, sai in ɗauraye in girgiza in ci gaba. Bawa kuwa ya ce wannan ba baƙon abu ba ne a wurinsa, tukunyar da ba ta bushe ba a wuta take fashewa, ya sha ganin haka tun yana goye. Yana da wata ɗabi'a kuma. Akwai alƙalami mai bakin lu'ulu'u da ake zana gilashi da shi. Duk kwalbar da ta zama tasa sai ya juya ta ya ja mata layi uku a gindi. Na tambaye shi dalili. Ya ce a ƙauyensu mata tare suke tara tukwanensu a matoya ɗaya a cinna wuta, kowace da shaidarta, ta uwarsa layi uku ne da tsinken kara.

Na ce, "Ɗan maginiya, nan fa Ingila ce, ba matoya ba."

Ya ce, "Ɗan Malam, ai shi ya sa naka ke fashewa."

Muka yi dariya, amma tawa ba ta kai ciki ba. Abin da Bawa ya haɗa yakan fito fari tas kamar gishiri. Nawa yakan fito kamar ƙaro, ja-ja, mai danƙo. Tsoho kan tsaya a bencin Bawa, wato teburin aikinsa, ya ɗaga kwalba ga haske ya yi shiru, irin shirun da na fi son a yi mini da kowane yabo. A nawa bencin sai ya ce in sake gwadawa, ya wuce. A littafin aikina kowane haɗi yana da lamba, amma a gefe da fensir nakan sa masa suna: Safiya ta ɗaya, Safiya ta biyu. Har Safiya ta goma sha huɗu ba wadda ta yi rai.

Ta goma sha biyar kuskure ce. Na ɗora haɗin, ya kamata in sauke bayan rabin awa, sai na zauna rubuta wasiƙa ina neman kalmar da za ta dace da idanun Safiya. Da na tuna, awa uku sun wuce. Da aka auna sai aka ga zoben sukarin ya ɓalle, ya zama kamar igiya. Na ɗauka zan zubar. Tsoho ya ce a'a, in tsabtace shi, ba a san abin da cuta za ta haɗiya ba. Na yi kwana tara ina fama da danƙo. A na goma Bawa ya zo ya karɓi kwalbar, ya sa ta a ƙanƙara, ya riƙa kankare cikinta da sandar gilashi a hankali, kamar mai lallashin jariri. Ina tsaye sai ga farin gari yana sauka. Na yi masa godiya da baki. A zuciya kuwa na ce ko abin nawa ma sai ya ji hannunsa yake yarda ya fito.

A ƙarshen shekara ta biyu Tsoho ya kira mu ofis. Ya ce gurbin digirin dakta ɗaya gare shi, mu kuwa biyu ne. Ɗaya zai zauna shekara uku, ɗaya zai koma gida. Ya ce ba zai yanke ba sai ya ga sakamakon gwaji. Mu haɗawa kawai muke yi. Masu gwadawa a kan cutar suna wani gari a Beljiyam. Kowannenmu zai ba da haɗi ɗaya, wanda ya fi yarda da shi. Bawa ya ba da wanda ya yi wata bakwai yana ginawa, mai cikakken zobe, wanda duk ɗakin gwajin ke zuwa kallo. Ni ba ni da wani fari sai Safiya ta goma sha biyar.

Saƙon da aka aika ta gidan waya kafin wannan ya isa a farfashe, saboda haka Tsoho ya ce wannan karon hannu zai kai. Ya dube mu ya ce ni zan tafi, don ba a iya rasa Bawa a benci na kwana uku. Bai san yadda maganar ta soke ni ba. Ya ba ni filas cike da ƙanƙara, kwalabe shida a ciki, kowace ba ta fi ɗan yatsa ba, huɗu na wasu ɗalibai, biyu namu. Ya ƙara mini da sababbin takardun mannawa da biro, ya ce idan ruwan ƙanƙara ya jiƙa lambobin in sake rubutawa.

Da safen da zan tafi wasiƙar Safiya ta iso. Na sa ta a aljihu, na ce sai a jirgi, inda ya dace a karanta wasiƙar masoyiya. Jirgin ƙasa ya kai ni Landan, wani ya kai ni bakin teku. A tashar Landan wani mutum mai hular ma'aikata ya rantse mini cewa jirgin da nake nema ya tashi, amma yana da mota. Na kusa binsa, sai wata tsohuwa mai sayar da jarida ta kama hannun rigata ta nuna mini jirgin a tsaye a bayana. Ban ma tsaya na gode mata yadda ya kamata ba.

A jirgin ruwa na buɗe wasiƙar. Layi goma sha ɗaya ce, amsar shafi shida. Ta ce kowa lafiya, an yi ruwa sosai, kogin Iku ya cika har ya hana mutane ƙetarewa. Sai ta ce uwar Bawa ta kawo wa Innarta randa kyauta, ruwanta sanyi kamar me, kuma ana ta cewa a gari Bawa ne zai fara zama dakta a ƙasar Abuja, in gaishe shi da kyau. Na ƙirga. Layi huɗu na Bawa ne. Nawa biyu, ɗaya daga ciki ma tambaya ce ko ina cin abinci.

Teku ya fara rawa. Na yi amai har na ga kore, ina rungume da filas. Wani mai dafa abinci a jirgin, baƙin mutum mai tabo a goshi wanda ban san ƙasarsa ba, ya ja ni wani lungu kusa da kicin, ya zaunar da ni, ya ba ni ruwan zafi da citta, ya zuba mini sabuwar ƙanƙara a filas ba tare da ya tambayi abin da ke ciki ba. Ya dafa kafaɗata ya koma aikinsa.

A lungun nan, da rana tsaka, bayan mutum ya gama yi mini alheri, na buɗe filas. Na fito da kwalbar Bawa da tawa. Farin gari nan, farin gari can, ba mai iya bambancewa. A garinmu ko yaro aka ba ƙullin goro ya kai wani gida, ya san ba a kwancewa a hanya. Ubana ya taɓa dukana a kan na leƙa cikin wata takarda da ya aike ni da ita. Duk na tuna. Amma na tuna da layi huɗu, da miyar bakin matakala, da shirun Tsoho. Na gaya wa kaina cewa a littattafai ma saurayi kan yi abin da bai dace ba saboda so, a ƙarshe a yafe masa. Na kara kwalaben a tururin kofina, takardun suka saki. Na rubuta sababbi. Lambata ta hau kwalbar Bawa, tasa ta hau tawa. Tsoffin na murƙushe na jefa a teku.

A Ostan, tashar jirgin ruwa ta Beljiyam, ma'aikacin kwastan ya ga baƙin mutum da farin gari a filas, ya tsare ni awa biyu. Ya karanta takardar Tsoho sau uku, ya kira wani, wani ya kira wani. Da ya tambaye ni ko abin da ke rubuce a jikin kwalaben shi ne a ciki, na ce shi ne. Da la'asar na isa garin masu gwajin. Wata mata mai farar riga ta karɓi filas, ta nuna mini 'yan faya-fayan gilashi da suke renon ƙwayoyin halitta a ciki. Ta ce sukan zuba cutar, su ɗiga maganin, su jira. Inda ƙwayoyin suka rayu, maganin ya yi aiki. Ta ce na yi ƙoƙari da na kawo su lafiya.

Mako shida muka yi muna jira, kuma ban taɓa kyautata wa Bawa kamar a makonnin nan ba. Nakan tuƙa mana tuwon semo, in wanke tukunya, har na ba shi aron kwat ɗina. Ina tausayinsa, kuma tausayin yana mini daɗi.

Ranar da sakamakon ya zo Tsoho ya shigo da takarda a hannu, fuskarsa ja. Biyar ba su yi komai ba. Ɗaya ta tsayar da cutar, ta bar ƙwayoyin da rai. Ya karanta lambar. Ta Bawa ce.

Aka kewaye Bawa ana girgiza masa hannu. Ni na kama bakin benci. Lambar Bawa tana kan kwalbata. Safiya ta goma sha biyar, mai ɓallallen zobe, wadda na haɗa da sakaci, ita ce ta yi aiki, kuma da hannuna na ɗauke ta na ba shi. Idan na yi shiru na rasa gurbin. Idan na yi magana sai na faɗi abin da na yi a lungun kicin, in rasa gurbin in rasa mutunci. Kwana takwas ina kallonsa yana amsa barka a kan abina. Na sha jin kishin abin wani, amma kishin abinka a hannun wanda ka miƙa wa da kanka, wannan ban taɓa karanta shi a kowane littafi ba.

A rana ta tara sauran farin garin ya dawo daga Beljiyam, don a sake auna shi a tabbatar da siffarsa. Aka miƙa wa Bawa kwalbar. Lokacin cin abincin rana ne, kowa ya fita, mu biyu muka rage za mu yi azahar a bayan kabad kamar kullum. Na ga ya juya kwalbar ya shafa gindinta da babban yatsa. Ya sake shafawa. Sai ya zo ya ajiye ta a bencina, a kife.

Ya ce, "Ɗan Malam, wannan ba tukunyar uwata ba ce."

Gindin sumul yake. Na san yana zana manyan kwalabe. Ban taɓa kawowa a raina cewa har 'yan ƙananan nan yake bi ba. Na buɗe baki in ce ƙanƙara ce ta jiƙa takardun, sai na ga yadda yake kallona, na rufe.

Ya ce, "Kai dai ko satar ma ba ka iya ba."

Na tambaye shi me zai yi. Ya ce me kuwa, zai mayar wa mai ita. Na ce ai ba wanda ya sani, yana iya riƙewa, ni na jawo. Ya ce ko ya riƙe, Tsoho zai ce ya sake haɗawa, kuma abin da zai fito daga hannunsa ba shi ne wannan ba. Ya ƙara da cewa ko da ba haka ba, uwarsa ta yi shekara talatin tana kwasar tukwane a matoya, ba ta taɓa ɗaukar ta wata ba, ko ta fi tata kyau. Ya ce in tashi mu yi salla lokaci na wucewa. Shi ya ja mu. Na bi shi a baya, ban san abin da na karanta ba.

A ofis Bawa ya ce wa Tsoho an sami musanyar lamba a hanya, kwalbar da ta yi aiki tawa ce. Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma ba ƙarya a ciki. Tsoho da kansa ya ƙarasa, ya ce ruwan ƙanƙara ne, dama ya yi tsoron haka. Ya dube ni ko zan ƙara wani abu. Na dubi takalmina. Ya sa kowa ya sake haɗa nasa, aka sake aikawa, wannan karon wani Bature ya kai. Sakamakon bai sauya ba. Aka ba ni gurbin.

Da Bawa zai koma gida na ba shi saƙo ya kai wa Safiya, wasiƙa da ɗan kunne a cikin ambulan. Na liƙe bakin da gam har sau biyu, na sa hannu a kan liƙin. Ya duba, ya dube ni, ya yi murmushi, ya sa a aljihun ƙirji. Wata uku na yi ina zana su a raina, shi da ita a zauren gidansu, yana ba ta labarin jirgin ruwa, tana rufe baki da gyale. Sai ga amsarta. Ta ce saƙo ya iso a liƙe, Bawa ko zama bai yi ba, ya ce mata ina nan lafiya kuma na haɗa wani magani da Turawa ke magana a kansa.

Maganin bai je ko'ina ba. Ya yi aiki a faifan gilashi, amma da aka ba ɓeraye sai ya taɓa musu ƙoda, aka ajiye shi a kabad tare da ɗaruruwan 'yan'uwansa. Makafin ƙofar masallaci suna nan da sandunansu. Ni dai na dawo da kwat da digiri, na tarar an sauya wa garin suna, na auri Safiya, ba ta kuma suma ba. Bawa ya zama malamin kimiyya a wata sakandare, a nan ya tsufa. Ni ake ce wa Dakta. Amma idan wani zai yi tafiya, makullin gidansa wurin Malam Bawa yake kai wa, kuma idan Safiya na son saƙo ya isa, a gabana take cewa a ba Malam Bawa.

Randar nan ta biyo ta gidana cikin kayan aure. Tana nan a inuwar tsakar gida, kuma gaskiyar Safiya ce, ruwanta ya fi na firij daɗi. Wata rana da ake wanke ta aka kife ta a rana, na zo wucewa na ga layi ukun. Na ce a mayar da ita mazauninta. Safiya ta ce ba ta bushe ba tukuna.